Musu da Malama a Kan Tauraron Ƙi-Tsufa

Mutumin farko da ya cuce ni a Indiya ɗan Keke Napep ne, kuma har yau abin yana ba ni haushi, don a Gusau ba a taɓa yi mini wayo a keke ba. Na fito daga tashar jirgin ƙasa da hantsi, da akwati ɗaya da wata jaka cike da kuka da daddawa da yajin da matata Hauwa'u ta daka mini. Na nuna masa sunan cibiyar binciken sararin samaniya da ta ɗauke ni karatu, ya kaɗa kai irin kaɗawar nan tasu da ba ka sanin e ce ko a'a. Muka yi ta yawo cikin gari. Sai da muka wuce wani ƙaton gunkin biri karo na biyu na gane zagaye muke yi. Na buɗe baki zan zazzage masa masifa, idona ya sauka a kan furfurar ƙeyarsa, sai na haɗiye. Ya sauke ni a wata ƙofa da ashe daga tashar ma ana hango ta. Na biya shi abin da ya ce, har da "na gode, Baba."

Sunana Bashar, mutumin Kuceri ta ƙasar Tsafe. Na daɗe ina koyar da fiziks a wata makarantar sakandare a Gusau kafin in sami gurbin yin digirin dakta a wani birni na kudancin Indiya. Na ajiye aikin gwamnati na tafi. Hauwa'u da 'yarmu suka koma gidan iyayenta a Bungudu, kuma kafin jirgi ya ɗaga da ni duk wanda ya san ni daga Mada har Wonaka ya riga ya fara kirana Dakta. Ba ni da bakin musu da wanda ya girme ni, haka aka rene mu. A gidanmu idan babba ya ce rana ta faɗi, ko da azahar ne, "to" ake cewa, sai daga baya a san yadda aka yi aka nuna masa inuwa.

Zango na biyu neman ɗaki ne. Wani dillali ya turo mini hotuna tun ina gida, ɗaki fes har da labule. Da muka je, mai gidan ya leƙo ya kalle ni daga sama har ƙasa, ya ce an kama ɗakin jiya. Gida na gaba ma an kama jiya. Na ce wa dillalin lalle jiyan nan ta yi albarka a garinku, bai yi dariya ba, kuma daga ranar wayarsa ta daina shiga. A bas mutane su zuba mini ido ko ƙiftawa babu, wata mata ma ta ja ɗanta gefe. Mu da muka tashi muna kallon Indiyawa a fim muna ganin kamar dangi ne, ashe su ba su san da zumuncin ba. Na ji zafin abin ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Wanda ya fitar da ni daga wannan wahala wani dattijo ne da na haɗu da shi a masallacin Juma'a, Dakta Rafik. Gemunsa ja ne da lalle, kuma a cibiyarmu yake, sai dai shi a kan rana yake bincikensa. Ya ji labarina bayan an idar, ya kama hannuna kamar yaro, ya kai ni wajen wani mai gida ya ce, "Wannan ƙanena ne. In ya fasa maka tagar ɗaki ka zo wajena." Mai gidan ya kalli Dakta Rafik, ya kalle ni, bai ga kama ko ta kunne ba, amma ya miƙo makulli.

Sai abinci. Shinkafa da safe, shinkafa da rana, da wata miya mai tsami da ruwa-ruwa da ba ta tsayawa a hannu. Kukar da na zo da ita tana nan a jaka ba abin da zan ci ta da shi. Na rame har wandona ya fara neman ƙarin huji a bel. Wata rana matar da ke zuba abinci a kantin cibiyar, wadda ba ma jin yaren juna, ta ga na tura faranti gefe. Ta shiga ciki ta dawo da wani baƙin curi a kan ganye, abincinsu na ma'aikata, ta ajiye mini. Na taɓa, na shinshina. Tuwon tamba ne, wallahi tuwo sak. Ta fara nuna mini da hannu cewa ba a taunawa, haɗiya ake yi, kafin ta gama nuni na kai loma ta uku. Ta ƙyalƙyale da dariya ta kira sauran matan suka zo kallo. Ni kuwa ina ci hawaye yana zubo mini, don innata na tuna. Washegari na kawo mata kuka na nuna mata yadda ake kaɗawa, daga nan cikina ya zauna.

Wadda nake ƙarƙashinta Farfesa Radika ce, 'yar gajeriyar mata mai furfura, mai tafiya kamar ana jiran ta a wani wuri. Malama nake ce mata. Ranar farko ta zaunar da ni gaban kwamfuta ta nuna mini hoton wani curin taurari, dubban ɗaruruwa a dunƙule wuri ɗaya kamar dunƙulen fura. Duk taurarin da ke cikin irin wannan curi sa'anni ne, tare aka halicce su, kuma sun haura shekara biliyan goma. Tauraro mai nauyi ya fi zafi, haskensa shuɗi ne kamar harshen wutar gas, amma shi ke fara ƙonewa ya mutu. Don haka a tsohon curi bai kamata a ga shuɗi mai nauyi ba, ya kamata a ce duk sun tafi tuntuni. Amma akwai su, 'yan tsiraru, suna ta ƙyalli a cikin sa'anninsu da suka tsufa. Turawa suna ce musu shuɗɗan da aka bari a baya. Ni dai ƙi-tsufa na sa musu.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da tauraro ke zama ƙi-tsufa ita ce ya kasance yana da abokin zama da suke zagaya juna. Idan abokin ya tsufa ya kumbura, sai wannan ya riƙa tsotse iskar jikinsa, ya ƙara nauyi ya koma shuɗi. Abokin kuwa sai ƙwallon cikinsa ya rage, kamar ƙwallon mangwaro bayan an shanye. Shi ake kira farin wada. Girmansa bai wuce na duniyarmu ba, don haka a gefen ƙi-tsufa ba a ganin sa da hasken da ido ya sani. Amma yana da zafi na fitar hankali, kuma yana fitar da wani ɓoyayyen haske da ke gaba da shuɗi, wanda iskar duniya take tarewa, sai madubin hangen nesa da ke kan tauraron ɗan'adam ne ke kamo shi. Aikina shi ne in bi ƙi-tsufan wani curi ɗaya bayan ɗaya, in auna ko akwai wanda ɓoyayyen haskensa ya fi ƙarfin abin da shi kaɗai zai iya fitarwa. Wanda ya yi haka, akwai alamar farin wada yana maƙale da shi. Na baro gida ina tsammanin zan riƙa kwana a kan dutse ina kallon sama, sai ga ni a ofis da fanka daga safe zuwa la'asar kamar akawu.

Abin da ya fi ba ni mamaki a wurin nan ba taurari ba ne, ɗaliban Malama ne. Yaran da na girme su nesa ba kusa ba, su tsaya gaban allo suna cin ƙosansu mai dankali a ciki, su ce mata, "A'a, wannan lissafin bai yi ba." Ita ma ta ɗaga murya, su ɗaga, a goge allo a sake. Ni ina gefe kaina a ƙasa ina jin kunya a madadinsu, ina cewa a raina yaran nan ba su sami tarbiyya ba. Idan ta juyo ta ce, "Bashar, kai me ka gani?" sai in ce, "Yadda kika ce, Malama." Takan tsaya ta kalle ni ta saman tabarau, ta juya ta ci gaba. Ni a tunanina yabo ne.

A cibiyar akwai ƙa'ida. Ƙarshen shekarar farko ɗalibi zai tsaya gaban kwamitin malamai, kuma sai malaminsa ya sa hannu cewa ya ga alamar zai iya bincike da kansa. In bai sa ba, an sallame ka ke nan, ka tattara ka koma gida. In hakan ta faru da ni fa? Ba aiki a Gusau, ba digiri, sai sunan Dakta da zai koma abin tsokana a bakin 'yan shayi.

Watanni suka ja ban sami komai ba. Malama ta kafa doka tun farko: duk ƙi-tsufan da ke da maƙwabci kusa da shi a hoto a cire shi, domin hoton ɓoyayyen haske ba shi da kaifi, ba za ka san hasken na wane ne ba. Dokar tana da hujja. Sai dai duk taurarin da suka tsallake dokar ba su nuna komai ba, alhali a cikin waɗanda na cire akwai guda uku da haskensu ya yi yawa ƙwarai. Na koma na duba maƙwabtan nasu a wasu hotuna masu kaifi na hasken yau da kullum, sai na ga kamar maƙwabtan ba su isa su fitar da wannan haske ba. Na sake lissafi, na sake, abu ɗaya nake samu. A ganina dokar Malama ta zubar da abin da muke nema. Sau da yawa na je har ƙofarta da takardun a hannu, in gaishe ta, in tambayi lafiyar iyali, in juyo.

Da abin ya ishe ni na kira Baba. Ya baro Kuceri ya koma cikin garin Tsafe tun da gonakin daji suka gagari zuwa, kuma shi mutum ne da ake aikawa sulhu, ya san yadda ake ɗaukar magana mai nauyi a ajiye ba ta fashe ba. Na yi masa bayani daidai yadda zai gane.

"Mi kac ce? Malamarka ta yi kure?"

"Haka nake gani, Baba."

"Kai ɗan ga, ka kiyayi kanka. Ba a hwaɗa ma malami ya yi kure ido da ido. Ba ka da wani dattijo nan wurin da taka jin nauyinai?"

Na ce akwai Dakta Rafik.

"To shi ke nan. Ka tahi ka same shi, ka gaishe shi, ka hwaɗa mai. Shi ya san yadda za ya aza maganar, ita ba ta ji kunya ba, kai ba ka yi rashin kunya ba."

Na ji daɗin shawarar, don ita ce dama a raina. Bayan sallar Juma'a na bi Dakta Rafik har gida da ledar ayaba, na zayyana masa komai. Ya shafa gemu ya ce, "Me zai hana ka faɗa mata da kanka?" Na ce a wajenmu ba a yi. Da yake mutum ne mai son ya yi wa baƙo alheri, sai ya ce zai taɓa mata maganar. Ya kuwa taɓa, amma a teburin shayin malamai, gaban kowa, yana murmushi: ɗalibinki na Afirka ya ce dokarki ta zubar da taurarinsa.

Da yammacin ranar Malama ta aiko a kira ni. Ba ta ce in zauna ba.

"Bashar, tun ina budurwa nake wannan aiki," ta ce, muryarta a ƙasa. "Na sha ganin ɗalibi namiji da ba zai iya ce wa mace ta yi kuskure ba, saboda a wurinsa ba ta kai a yi gardama da ita ba. Sai ya je ya nemo namiji ɗan'uwansa su yanke hukunci, a zo a sanar da ni. Shekara ta kusa cika ban taɓa jin ra'ayinka ko ɗaya ba, ashe kana da shi, wani kake kai wa. In ba za ka iya aiki a ƙarƙashin mace ba, ka faɗa. Ni dai a yadda ake yanzu ba zan sa maka hannu ba."

Abin da na yi don girmamawa shi ta karanta a matsayin raini, kuma rainin ma mafi muni. Maganganu suka cika mini baki, amma ga furfura, ga malanta, ga ɓacin rai a fuskarta. Ka san abin da ya fito daga bakina? "To, Malama." Na ja mata ƙofa a hankali na fita.

Ban je ofis ba washegari. Na hau bas na fita bayan gari inda akwai wasu manyan duwatsu da ke tuna mini da Kwatarkwashi, na zauna a ƙarƙashin ɗaya na kira Hauwa'u. Na so ta tausaya mini ne. Na ba ta labari tun daga farko, ina jin ƙarar turmi a tsakar gidansu, ina jin kamar in bi ta cikin wayar in koma.

Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Malam, in da ni ce, ka aiko mani namiji ya hwaɗa mani na yi kure ga abin da ni na koya ma, gaban mutane, wallahi da sai ka kwana waje."

"Haba Hauwa'u, ke ma?"

"Ni ma. Kai da ka iya musu da ni tun daga Bungudu har Gusau kan ko an sa gishiri ga miya? Ina bakin yat tahi? Wagga mata ba kunyarta taka so a ji ba, gardama taka so. To ka ba ta abin da taka so mana."

"Ta girme ni. Malamata ce."

"Ni kuma matarka ce, na baro ɗakina na dawo gidanmu don ka zama abin da ka tahi zama. In an koro ka don ba ka iya ba, zan tarbe ka da hura mai sanyi. Amma in an koro ka don ka ƙi buɗa baki, ka biya Tsahe wajen Baba, shi ya dama ma."

Na yi fushi na kashe wayar. Kafin bas ya dawo da ni cikin gari fushin ya koma kaina, domin na san gaskiya ta faɗa.

Da safe na ɗauki takarduna na ƙwanƙwasa ƙofar Malama. Na ce ta ba ni dama in yi magana biyu, kada ta katse ni, don in ta katse ni zan ce "to" in fita. Ta ajiye biro. Na gaya mata yadda ake yi a garinmu. Na ce ko mahaifina ba na iya ce masa ya yi kuskure, sai in aika masa ƙanensa. Na ce wanda muka raina shi muke yi wa musu kai tsaye, wanda muke ganin girmansa shi muke aika wa dattijo, kuma da Dakta Rafik mace ce tsohuwa da ita zan aika.

"Wannan ta farko ke nan," ta ce. "Ta biyun fa?"

Na ɗago kai na kalle ta cikin ido, abin da ban taɓa yi ba, na ce, "Malama, dokarki ta maƙwabci ta yi tsauri. Ta zubar da taurari uku da bai kamata a zubar ba."

Ta miƙe ta ɗauko alli ta miƙo mini. "Nuna mini."

Ranar na san an yi gardama da ni. Tauraro na farko ba ta ɓata lokaci ba ta nuna mini cewa maƙwabcinsa shi ma mai zafi ne, na karanta launinsa ba daidai ba. Ya faɗi. Na biyu ta jawo bayanan tafiyar taurari a sama, ta nuna mini cewa ba ya tafiya tare da curin, baƙo ne da ya gitta ta gabansa. Shi ma ya faɗi. Zufa ta jiƙa mini riga, "to" ta taso mini har maƙogwaro. Amma na uku na san shi kamar yadda na san hanyar gidanmu. A bakin curin yake inda taurari ba su da cunkoso, tafiyarsa ɗaya da ta sauran, maƙwabcinsa kuwa ja ne mai sanyi da ba shi da ɓoyayyen hasken da zai ara wa kowa. Ta kawo hujja na mayar, ta sake kawowa na sake mayarwa. Can na ji wata murya tana tashi a ofishin har ɗalibai sun taru a ƙofa, ashe tawa ce.

"Zai yiwu wani farin wada ne da ba ruwansa da shi, ya dace kawai suna kan layi ɗaya daga inda muke kallo," ta ce.

"A bakin curi? Da wuya ƙwarai, Malama."

"Da wuya ba babu ba ne. In tare suke, tauraronka zai riƙa matsowa yana ja da baya saboda zagayen da suke yi. Sai mun ga haka."

Tana da wani ɗan lokaci da aka ware mata a wani babban madubin hangen nesa da ke kan tsauni a wata ƙasa, lokacin da malamai ke kokawa a kansa. Ta yanki rabo daga ciki ta ba taurarona. Ta ce in bai motsa ba, ni zan tsaya gaban kwamiti in faɗi haka da bakina. Game da sa hannu ba ta ce komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Makonnin da suka biyo baya ko tuwon tamba ba ya wuce mini. Awon farko ya iso, lamba ɗaya ce, ba ta cewa komai ita kaɗai. Na biyu ya zo kusa da na farko, na ce shi ke nan, Hauwa'u ta fara neman nonon furar tarbata. Na uku ya iso wata safiya ina tsakar shan shayi. Na buɗe, na ga tauraron da a da yake matsowa yanzu baya yake ja. Na sake dubawa don kada idona ne. Na kwasa da gudu har na bar takalmi ɗaya a matattakala, na faɗa ofishin Malama ko sallama babu. Ta duba, ta cire tabarau ta goge, ta sake dubawa. Sauran awon da suka biyo baya suka hau kan layi ɗaya, yana zuwa yana komawa.

Ranar kwamiti na sa farar shadda da hula, na ce in ma korar ce a kore ni da kayan gida. Malamai biyar suka zauna, Dakta Rafik yana can baya yana ta jan gemu, don tun ranar shayin nan bai daina ba ni haƙuri ba. Na yi bayanina. Da aka zo tambayoyi na ɗauka Malama za ta kare ni, sai ga shi ita ce ta fara kai mini hari, kuma ta fi kowa zafi. Ta ce ai abokin zagayen zai iya zama tauraro na yau da kullum. Na ce da haka ne da mun gan shi a hasken ido, abin da zai ɓuya a nan ya bayyana a ɓoyayyen haske dole ƙarami ne mai tsananin zafi. Ta jingina da kujera ta ce to ai ƙi-tsufan da kansa zai iya fitar da wannan haske in fuskarsa tana yawan tafasa, don haka ba a buƙatar wani farin wada.

Na kalli furfurarta, na kalli sauran malaman, na ce, "A'a, Malama, ba haka ba ne." Na juya allo na nuna cewa ko ya tafasa iya tafasarsa ba zai kai ko kusa da abin da muka auna ba.

Malama ta jawo takardar da ke gabanta, ta zare biro daga gashinta, ta sa hannu tun ban ajiye alli ba. Shugaban kwamitin ya ce ai ba a gama tambayoyi ba. Ta ce su ci gaba, ita ta gama nata.

Daɗin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ni Bashar na Kuceri na gano farin wada a gefen tauraron da haskensa ya baro can tun kafin a san za a yi garin Gusau. Na kira Hauwa'u ta yi guɗa har na janye wayar daga kunne. Sannan na kira Baba na ba shi labari duka, har da abin da na faɗa gaban malamai biyar.

Da na gama sai ya jefo mini tambaya.

"Kai ad da gaskiya?"

"Ni ne, Baba. Ita ma ta yarda."

"Alhamdu lillahi. Allah shi yi ma albarka." Ya yi gyaran murya. "To yanzu ka tashi ka tahi ka ba ta haƙuri."

Shi dai ban iya yi masa musu ba, kuma ba na jin zan taɓa iyawa. Na koma ofishin Malama, na tuɓe takalma a bakin ƙofa, na rusuna na ce ta yi haƙuri. Ta ce haƙurin me? Na ce mahaifina ne ya aiko ni, na yi wa malamata musu a gaban mutane. Ta yi dariya har ta dafa tebur, sannan ta miƙe tsaye ta haɗa tafin hannuwanta biyu irin gaisuwarsu.

"Ka ce wa mahaifinka na karɓa, kuma na gode masa," ta ce. "Yanzu sa takalmanka ka ɗauko alli. Akwai wani curi da nake ganin babu komai a cikinsa."

Na ce, "Malama, na riga na duba shi. Akwai."